Sukarin yana cikin jakata a daren da 'yata ta rasu

Da tana raye da bana zata cika shekara 15. Duk damina sai na lissafa mata, ba da niyya ba, kawai dai in naji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko sai lissafin yazo da kansa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauki waya na fara sai in goge, wani lokacin har na kai rabi, dan akwai wajen da in nazo hannuna ƙi yake. Yau dai nace ko ta halin ƙaƙa sai na ƙarasa, saboda nasan akwai mata da yawa da ke zaune a irin wajen da nake zaune, nesa da titi nesa da asibiti, kuma abin da ya sameni zai iya samun kowacce a cikinsu.

A ƙauye na taso, a bakin rafi, kuma a nan akai min aure. Karatuna iyakarsa aji shida na firamare amma Allah ya bani hannun rubutu, har malaminmu kan sa ni in rubuta masa a allo. Abin da nafi tunawa a yarintata shine wata magana guda ɗaya da manya ke yawan faɗa, "za a zo". Rufin aji ya yaye, za a zo a gyara. Famfo ya lalace, za a zo. Kwalbatin da ke haɗa mu da titi ya fara zaizayewa, ai an kai ƙorafi, za a zo. Ba ina zagin iyayenmu bane wallahi, mutane ne masu aiki kamar me, tun asuba suke gona, amma duk abin da ya shafi na kowa da kowa sai a ɗauka akwai wasu can da aikinsu ne, mu namu jira. Haka na girma nima, ban taɓa tambayar kaina su waye zasu zo ɗin ba, kuma ta wace hanya.

Shekara 11 kenan da ruwan ya ci mu. Kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a dare na uku sai muka ji ihu daga gidajen da ke kwari, kafin maigidana ya gama neman tocila ruwa ya shigo tsakar gida har gwiwa. Na goya ƙaramin, lokacin bai cika shekara biyu ba, baban yara ya saɓa yarinyar a kafaɗa, surukata na riƙe da gefen zanina, haka muka bi mutane zuwa makarantar da ke kan tudu. Abin da na iya ɗauka jaka ce guda, na zuba kayan yara da 'yan abubuwan da hannuna ya kai gare su cikin duhu, ciki har da ƙullin sukari da ban ma san na saka ba. Da gari ya waye muka ga kwalbatin nan babu shi, ruwa ya tafi da shi, ma'ana mota ba zata shigo ba mu ma ba zamu fita ba. Rijiyoyi sun nutse, masai duk sun rufta sun haɗe da ruwan, kuma wannan ruwan dai shi muke ɗiba mu bari ya kwanta mu sha, dan ba wani.

Aka samu wanda wayarsa ke da sauran caji ya hau kan rufi ya kira, aka ce masa an ji, ana shirin turo jirgin ruwa da ma'aikatan lafiya. Sai hankalin kowa ya kwanta. Muka zauna.

Rana ta huɗu aka fara amai da gudawa. Wani tsoho ne ya fara, sai yara biyu a aji na kusa da namu, da yamma sai 'yata tace Umma cikina. Kafin isha ta zaga yafi sau goma, abin da ke fita ma ba kashi bane, ruwa ne fari tas kamar wanda aka wanke shinkafa, ga amai. Tana ta cewa ruwa, Umma ruwa. In na bata sai ta amayar, sai matan da ke wajen suka ce ki daina bata, ruwan ne ke ƙara tsinka mata ciki, ki bari cikin ya huta kafin likitoci su iso. Surukata ma haka tace, kuma ba da mugunta ba, ita ma abin da ta taso ta tarar kenan, tana kuka tana faɗa. Ni kuma can cikin kaina ina tuna wani darasi da akai mana a aji biyar kan ruwan gishiri da sukari, har waƙa akai mana, amma na manta awon, cokali nawa ne na wanne, kuma na taɓa jin ance in gishiri yayi yawa yana illa. Sai tsoro ya kamani. Nace kar inje in haɗa ba daidai ba in kashe 'yata da hannuna, gara in jira waɗanda suka sani tunda ance suna hanya. Wannan shawarar ni na yanke ta, ba wanda ya tilasta min.

Na rungume ta muna jingine da bangon aji, ina jiƙa bakin mayafina ina goga mata a leɓe. Idanunta suka faɗa ciki, yatsunta suka yamushe kamar na wanda ya daɗe cikin wanki, muryarta ta dishe har ruwan ma ta daina nema. Ni a zatona sauƙi ne ya fara samuwa tunda tayi shiru. Duk ƙarar da naji daga wajen ruwa sai in ɗaga kai ince ga jirgin nan. Kafin kiran sallar asuba ta cika, daga fara ciwon zuwa rasuwarta ko awa 12 ba ai ba. Shekararta 4.

Da hantsi sai ga wani yaro ɗan unguwarmu ya tsallako daga ɗaya tudun a kwale-kwalen masunta, yana karatun aikin lafiya ne a birni yazo hutu ruwa ya tsare shi. Yana ganin abin da ke faruwa yace wannan kwalara ce, kuma in muka zauna jiran jirgi to kafin ya iso rabinmu sun tafi. Yaro ne ƙarami, ko gemu bai gama fito masa ba, amma ya tsaya a tsakiyar filin makaranta yana ɗaga murya har dattawa suka taso. Yace duk mai sukari ko gishiri ya kawo, duk mai tukunya ya kawo, a ware aji ɗaya na marasa lafiya, a haƙa rami can nesa a ƙasan tudu dan bayan gida, kar wanda ya ƙara shan ruwan da ba a tafasa ba. Samari suka ɓalle karyayyun bencina akai itace da su. Ya nuna awon a gaban kowa: ruwa tafasasshe lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a juya, a ɗanɗana, kar ya fi hawaye gishiri.

Ina zaune ina jinsa kamar daga nesa. Sai da na buɗe jaka zan ɗauko wa ƙaramin riga hannuna ya taɓa ƙullin sukarin. Bazan iya kwatanta muku abin da naji ba. Duk daren nan yana nan a gefen ƙafata.

A daren ranar ɗan nawa shima ya fara. Na ƙanƙame shi na ƙi bari a taɓa shi, na riga na sallama, nace shima tafiya zai. Yaron nan ya durƙusa a gabana da kofi da cokali yace, "Yaya, dan Allah ki karɓa. Cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu, in yayi amai ki jira minti goma ki ci gaba a hankali, kar ki daina bashi nono. Ni bazan iya zama wajenki ba, mutum bakwai ne a ɗakin can." Na karɓa. Har gari ya waye ina ɗura masa, ina ƙirga numfashinsa ina ƙirga cokali, ya amayar in jira in sake, hannuna na rawa. Wajen azahar sai naji zanina ya jiƙe da ɗumi, yayi fitsari, na kira yaron da ƙarfi yazo ya duba yace alhamdulillahi ruwa ya koma jikinsa. Bana zai cika shekara 13, ya kusa fini tsawo.

Jirgin ya iso a rana ta tara. Bana zarginsu, daga baya muka ji ƙauyuka da yawa ne ruwan ya ci kuma jiragen kaɗan ne, ma'aikatan da suka zo ma a gajiye suke idonsu jawur, sun yi aiki tsakaninsu da Allah, sun sa wa waɗanda suka galabaita ƙarin ruwa sun raba magani. Amma kafin su zo mun binne mutum shida, biyar daga ciki kafin yaron nan ya tsallako.

Bayan ruwa ya janye kowa ya koma gyaran gida, ni kuma sai na zama wata iri. Bana magana, bana fita, in naga sukari sai zuciyata ta tashi, maigidana yayi lallashin yayi faɗan har ya gaji ya zuba min ido. Mutane suna cewa ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara ban taɓa musu ba, amma wannan bai cire min tunanin cewa abin da zan gwada yana hannuna na ƙi gwadawa ba. Kusan wata bakwai ina haka.

Wata dattijuwa ce ta fito dani, ƙanwar mahaifin maigidana, ita ma ta rasa jika a makarantar. Rannan ta shigo ba ko dogon gaisuwa ta aje min littafi da biro a cinya tace, "Ke 'yar nan, mun taru mu 22 zamu fara ajiya duk mako, kuma duk cikinmu babu mai rubutun da za a iya karantawa sai ke. Tashi." Nace Goggo ki yi haƙuri bazan iya shiga mutane ba. Tace, "Ni ban ce ki yi magana da kowa ba, rubutu nace. Kuka kuma in zaki yi kizo mu yi tare, duk muna da abin yi wa kuka." Dan kunyarta kawai na bi ta.

Tsarin ta samo shi ne wajen wata 'yar uwarta da ke aure a wani gari. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a gidan ta huɗu wadda bata da makulli ko ɗaya, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kowacce ta zuba abin da zata iya, mai buƙata ta karɓi rance ta juya ta dawo da shi, in shekara ta zagayo a fasa a raba gwargwadon abin da kowa ta zuba. Sai wata 'yar jaka daban a cikin akwatin, ta taimakon gaggawa, wadda ba rance bace kuma ba a raba ta. Sai daga baya da na fara bincike a waya na gano ashe abin yana da asali, a jihar Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sunansa ma Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama a Afirka da Asiya. Ranar da na karanta musu wannan a taro sai da aka yi guɗa, wata tace ashe dai mata irinmu ne suka fara, ba wasu masu digiri ba.

Maganar jakar gaggawa ce ta fara buɗe min baki. Ana ta shawara wasu na cewa a bar ta dan masu haihuwa da rashin lafiya, sai naji kaina nace a ware rabi a sayi abin da zai tsare mu in ruwa ya sake zuwa. Kowa yayi shiru dan wata bakwai ba su ji muryata ba. Muka sayi fakitin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki ta yara da ake ba su kwana 10 zuwa 14, da ƙwayar kulorin ta tsaftace ruwa, sabulu, bokiti masu murfi, muka zuba cikin wani durom muka kai ofishin hedimasta tunda nan ne tudu. Yaron nan duk hutun da yazo sai ya zauna damu ya koya mana, yadda ake tsunkule fatar ciki a ga ko zata koma da sauri, yadda ake jira minti 30 bayan an jefa kulorin kafin a sha, cewa ruwan gishiri da sukari in ya kwana ya wuni zubarwa ake a haɗa sabo, cewa masai ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya. Shi ya bamu labarin wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, wanda a 1971 lokacin yaƙin Bangaladash ƙarin ruwa ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira ana tsakiyar kwalara, sai ya haɗa gishiri da sukari a manyan duromomi ya sa 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kansu, mace-macen ya sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Bayan nan wata ƙungiya a Bangaladash mai suna BRAC ta tura mata gida-gida daga 1980 zuwa 1990 suna koya wa iyaye mata awon, har gidaje wajen miliyan 12. Da naji wannan sai da na fita waje nayi kuka, dan an gano abin tun kafin a haife ni, kuma ya iso har ajinmu na firamare, amma bai zauna a hannuna ba saboda sau ɗaya aka faɗa aka wuce ba wanda ya sa ni na haɗa da kaina. Shi yasa mu muka kafa doka, ba a cewa mace ta iya sai ta haɗa a gabanmu an ɗanɗana.

Maza da farko dariya suke, wai taron mata. Da suka ga mun ɗaga bakin rijiyar unguwa da siminti har ƙugu mun yi mata murfi, sai kunya ta kama su suka kafa nasu kwamitin. Su suka kafa turken ƙarfe a bakin rafi suka yi masa fenti kala uku, suka ƙulla da mutanen ƙauyen da ke sama damu cewa duk sanda ruwa ya taso a wajensu su kira, dan in ya wuce su yakan ɗau wasu awanni kafin ya iso mana. Aka rubuta sunan duk tsoho da mai ciki da mai lalura, aka ce gida kaza samari kaza ne zasu ɗauko shi. Aka haɗa kuɗi aka sayi kwale-kwale na gari.

Amma kar ku ɗauka komai ya tafi lafiya lau. A shekara ta huɗu muka kusa wargajewa kuma da hannuna a ciki.

Wata ƙungiya ce daga waje taji labarinmu tazo, mutanen kirki ne bazan ce ba, sun kawo horo sun kawo kaya, sai dai duk taron da suka kira suna ba da kuɗin zama. Cikin wata kaɗan sai ya zama in mu muka kira namu taron na mako mutane basa zuwa, a tambayi mace tace ai wannan ba a ba da komai. Waɗanda aka zaɓa zuwa horo a birni suka zama abin hassada, aka fara cewa su wance ne ke cin moriyar. Ni kuma suka ɗauke ni aikin cike musu takardu suna bani alawus, naji daɗi ba zan ɓoye ba, karon farko kenan da rubutuna ya kawo min kuɗi. Sai na fara sakaci da littafinmu, ranar taro ina sauri sai ince zan rubuta in na koma gida, in koma in rubuta da ka abin da na tuna. Da shekara ta cika aka zo fasa akwati sai lissafi ya ƙi haɗuwa, littafi yace akwai rancen da wata bata biya ba, ita kuma ta rantse ta biya. Na tsaya a gaban mata 22 nace littafi baya ƙarya. Matar nan mijinta ya rasu, 'ya'ya biyar gareta, ta tashi tana kuka ta fita, aka rinƙa nuna ta a gari.

Bayan sati biyu ina kakkaɓe jakar takardun aikin nan sai ga wata 'yar takarda ta faɗo, da rubutun hannuna, ranar da ta biya da adadin, na rubuta a gurguje da niyyar in mayar littafi na manta. Kuɗin ma ashe yana cikin akwati, a jakar gaggawa aka jefa shi bisa kuskure. Na kwana uku da takardar nan a hannuna. Ba wanda ya sani, da na yaga ta shikenan. Zuciyata na cewa in kika faɗa mutuncinki ya zube, aikin ma zasu iya karɓewa. A dare na uku na tuna daren makaranta, yadda tsoro ya sa na zauna da abu a gefena na ƙi motsi, sai nace wallahi bazan sake ba. Da safe naje gidan Goggo na nuna mata. Ta daɗe tana kallona sannan tace, "A gaban mutane kika kunyata ta, a gaban mutane zaki wanke ta."

Haka akai. Na durƙusa a gabanta a taro na karanta takardar da ƙarfi na nemi gafara. Bata ce komai ba ranar, sai da aka kwashe kusan shekara kafin ta dawo tana amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma bana ganin laifinta ko kaɗan. Tun daga nan muka canza tsari, ana rubutu a take a gaban mai kuɗi, a ƙarshen taro a karanta da ƙarfi, mata biyu da basu iya karatu ba su riƙe jimillar a ka, mako mai zuwa su ake fara tambaya kafin a buɗe littafi. Na kuma koya wa 'yan mata biyu rubutun dan kar ya zama ni kaɗai. Aikin ƙungiyar can da wa'adinsu ya cika bayan shekara biyu suka tattara suka tafi, kuɗin zama ya tsaya, mata shida suka bar mu, mu da muka rage muka ci gaba. A ganina duk mai son taimakon mutanen karkara ya fara tambaya me suke yi da kansu ya ɗora a kai, kuma yayi hattara da biyan mutum kuɗi akan abin da da yake yi dan kansa, dan ranar da kuɗin ya tsaya aikin ma tsayawa yake, mun gani da idonmu.

Shekara uku da suka wuce ruwan ya dawo, har yafi na farko. Wajen ƙarfe 11 na dare mutanen sama suka kira, mai gadin turke ya haska yaga ruwa ya taɓa jan fenti, aka busa usur. Kafin ƙarfe 2 kowa na kan tudu har da tsofaffi da awaki, ba gudu ba ihu. Da safe kowa yasan aikinsa, masu haƙa rami, masu tafasa ruwa, masu tsayawa a bakin bokiti su tabbatar an wanke hannu da sabulu. Gudawa ta ɓulla a rana ta biyar, mutum 14 suka kamu. Ni aka ba ɗakin yara. Akwai wata yarinya amarya da ɗanta na fari, naga ta rungume shi ta jingina da bango tana jiƙa masa leɓe da mayafi, daidai yadda nayi, a ajin da ke kusa da wanda na zauna. Ƙafafuna suka yi sanyi. Na durƙusa nace ƙanwata karɓi cokalin nan, tace Yaya amai yake in na bashi, nace na sani, ki bashi duk da haka, ina nan tare dake. Muka kwana muna karɓa-karɓa. Ba yaro ko ɗaya da ya rasu a wannan karon.

Mun rasa mutum ɗaya, wani dattijo da ya ɓoye ciwonsa dan kunya har ya galabaita ya kasa haɗiya, irin wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya kuma mu bamu da shi, bamu da mai sakawa. Samari suka sa shi a kwale-kwale amma kafin su kai titi rai yayi halinsa. Ina faɗar wannan ne dan kar wani ya karanta labarina yace ai mutanen ƙauye sun iya kula da kansu a ƙyale su. Akwai abin da akwatinmu bazai taɓa iya saya ba, gada da asibiti da ma'aikacin da zai zauna damu, wannan haƙƙinmu ne akan masu mulki kuma muna nema, yanzu ma da takarda muke zuwa mu biyar-biyar da sa hannun kowa, mu karɓo shaidar an karɓa, bayan wata mu koma. Kwalbatin nan har yau na wucin gadi ne da muka cike da buhunan yashi da duwatsu.

Goggo ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, makullinta yanzu yana hannun matar da na taɓa yi wa ƙazafi, mata ne suka zaɓe ta baki ɗaya. Ƙungiyoyin ajiya a garin sun zama huɗu. Ni har yanzu in damina ta kusa bana barci sosai, nakan tashi tsakar dare in leƙa ɗakin yara. Ɗana bai san cikakken labarin yayarsa ba sai kwanaki da ya ganni ina wannan rubutun ya tambaya, na faɗa masa komai har da maganar sukarin, yayi shiru can yace Umma ki koya min awon. Na ɗauko kofi da cokali na sa shi ya haɗa da kansa, na farko gishiri yayi yawa muka zubar, na biyu ya yi daidai. Ranar Asabar zamu buɗe durom mu duba abin da kwanansa ya ƙare mu canza kafin ruwa ya sauka, yace shi zai ɗauko min littafin.